Hangen Dala ba shiga birni ba: K2-18b da gaggawar shelar an ga rai

A ranar 17 ga Afrilun 2025 labari ya karaɗe kafofin watsa labarai cewa masana a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun hango alamar rai a wata duniya da ke kewaya wani tauraro wanda ba Rana ba. Sunan duniyar K2-18b. Tana can ɓangaren burujin Zaki, kuma haske, wanda babu abin da ya fi shi gudu, sai ya yi shekara 124 yana tafiya kafin ya iso daga can. Jagoran binciken, Farfesa Nikku Madhusudhan, ya ce na'urar hangen nesa ta James Webb ta tsinci burbushin wani sinadari mai suna dimethyl sulfide, wanda ake taƙaitawa da DMS, ko ɗan'uwansa DMDS, ko duka biyun, a cikin iskar da ta lulluɓe duniyar. A duniyar ɗan Adam, kusan duk DMS da ke yawo a iska ƙananan halittun teku ne ke fitar da shi, yana ma cikin abubuwan da ke ba bakin teku warin da aka san shi da shi. Jami'ar ta bayyana sakamakon a matsayin alama mafi ƙarfi da aka taɓa samu ta motsin rai a wajen iyalin Rana.

Kafin damina ta yi nisa, gungun masana daban-daban da suka sake bin bayanan sun ce ba su ga hujjar da ta kai a yi irin wannan shela ba. Labarin farko ya shiga ko'ina, har wayoyin waɗanda ba su taɓa jin sunan James Webb ba. Na biyun kuwa, sai wanda ya neme shi ya gan shi.

An yi riga malam masallaci a kan K2-18b, kuma wannan gaggawa tana da tsada. Faɗin haka ba raina tambayar ba ne, domin dalilan da ke sa mai hankali ya ɗauki batun rai a wasu duniyoyi da muhimmanci ba su taɓa yin ƙarfin da suke da shi yanzu ba.

Shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, babu wanda zai iya nuna duniya ko ɗaya da ke kewaya wani tauraro daban. Tunanin dai tsoho ne. Malami Fahruddin Arrazi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 13, ya yi jayayya da masu cewa wannan duniya ce kaɗai, yana mai cewa ikon Mahalicci ya wuce a taƙaita shi a kan guda. Amma hujjar ido ba ta zo ba sai 1992, lokacin da Aleksander Wolszczan da Dale Frail suka gano duniyoyi a kewayen gawar wani tauraro da ya riga ya fashe. A 1995 kuma Michel Mayor da Didier Queloz, suna aiki da na'urar wata cibiya a kudancin Faransa, suka gano 51 Pegasi b, wadda ke kewaya tauraro irin Rana cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i. Wannan aiki ne ya kawo musu kyautar Nobel a 2019. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Na'urar Kepler, wadda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2009, ta zuba wa taurari kusan 150,000 ido, kuma kafin manta ya ƙare a 2018 ta gano duniyoyi fiye da 2,600. Lissafin NASA ya haura 5,000 a watan Maris na 2022, ya kai 6,000 a Satumbar 2025. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne abin da yake nunawa: a matsakaicin lissafi, kusan kowane tauraro yana da duniya aƙalla guda, alhali gungun taurarin da Rana take ciki kaɗai yana ɗauke da taurari sama da biliyan 100. Ruwa, da sinadarin kabon, da sauran kayan da ake gina jikin mai rai da su, duk an same su warwatse a sararin samaniya. Wurin zama dai akwai shi, har ya yi yawa. Ko akwai mazauna, wannan ita ce tambayar da ba a amsa ba.

Wahalar amsa ta tana cikin yadda ake kallon. Babu wanda ya taɓa ganin K2-18b, ko da a matsayin ɗigo. Abin da ake gani shi ne tauraronta, wani ƙaramin jan tauraro da bai kai Rana girma ko zafi ba. Duk bayan kwana 33 duniyar takan gifta ta gabansa, sai haskensa ya ragu da kusan kashi 0.3 cikin ɗari. Daga wannan raguwa aka san faɗinta ya ninka na duniyar ɗan Adam sau 2.6, daga yadda take ɗan jijjiga tauraron kuma aka san nauyinta ya ninka sau 8.6. A lokacin giftawar, wani ɗan ƙanƙanin kaso na hasken yakan ratsa ta cikin iskar da ke gefen duniyar kafin ya kamo hanya. Kowace irin iska tana da launukan haske da take haɗiyewa, don haka idan aka warware hasken da ya iso zuwa launukansa, kamar yadda ruwan sama ke warware shi ya zama bakan gizo, sai a ga gurbin da aka ci, daga gurbin kuma a yi hasashen wanda ya ci. Wannan dabara ce mai ban mamaki, kuma tana aiki. Da ita James Webb, mai madubin mita 6.5, wadda aka harba ranar 25 ga Disambar 2021 kuma take zaune kilomita miliyan 1.5 daga nan, ta gano iskar mithen a K2-18b a 2023, sakamakon da ya tsaya da ƙafarsa har yau.

DMS kuwa ba mithen ba ne. Sawunsa a cikin haske siriri ne, kuma yana kama da sawun wasu sinadarai masu yawa. Bayanan da aka kafa shelar Afrilu a kansu sun fito ne daga giftawa guda ɗaya, kallon 'yan sa'o'i. Masu binciken sun ce ƙarfin alamar ya kai abin da ake kira sigma uku, wato yiwuwar a ce hayaniyar na'ura ce kawai ta haifar da ita bai wuce uku cikin dubu ba. A nan ne jaridu da yawa suka zame, suka rubuta cewa an tabbatar da samuwar rai da kashi 99.7 cikin ɗari. Lambar ba ta faɗi haka ba, ba ta ma kusa ba. Iyakar abin da ta auna shi ne yadda zanen da aka saka DMS a cikinsa ya fi zanen da babu shi dacewa da ɗigogin da na'ura ta kawo, a cikin jerin sinadaran da masu binciken suka zaɓa su gwada. Wanda aka nuna wa sawu a kan yashi aka ce ya zaɓa tsakanin akuya da raƙumi, zai rantse akuya ce, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ba a sa tunkiya da barewa a cikin jerin ba.

Haka kuwa aka yi. Jake Taylor na Jami'ar Oxford ya yi gwaji mai sauƙi cikin kwanaki, ya nuna cewa bayanan ba su yi nesa da miƙaƙƙen layi ba, wato layin da babu sawun kowa a kansa. Luis Welbanks na Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinsa suka faɗaɗa jerin zuwa sinadarai 90, sai ga wasu da ba su da alaƙa da rai sun dace da bayanan daidai da DMS ko fiye. Tawagar Cambridge da kanta ta sake gwaji da sinadarai 650. DMS ya fito cikin waɗanda suka fi dacewa, amma ba shi kaɗai ba. Rafael Luque na Jami'ar Chicago ya haɗa duk kallon da James Webb ta yi wa duniyar wuri guda, bai sami isasshiyar hujja ba. A watan Yuli wani bincike da Renyu Hu na NASA ya jagoranta, da sababbin bayanai, ya ƙarfafa cewa duniyar tana da ruwa mai yawa a jikinta, amma bai tabbatar da DMS ba.

A ce ma an tabbatar. Da sauran tafiya. Ginshiƙin shelar shi ne cewa rai kaɗai ke samar da DMS, kuma wannan ginshiƙi ya riga ya tsage tun kafin Afrilu. A 2024 masana a Jami'ar Bern ta Suwizalan sun same shi a cikin bayanan da kumbon Rosetta ya tattaro daga tauraro mai wutsiya 67P, dunƙulen ƙanƙara da ƙura wanda babu mai zaton akwai abu mai rai a kansa. A shekarar ce kuma aka samar da shi a ɗakin gwaji a Jami'ar Colorado, ta hanyar haska wasu iskoki kawai. Bugu da ƙari, yawan da tawagar Cambridge ta ƙiyasta ya ninka na wannan duniya sau dubbai. Mai son labarin zai ce teku ce cike maƙil da halittu. Mai taka-tsantsan zai ce irin wannan yawa ya fi kama da alamar wani aikin sinadarai da ba a gane ba tukuna, ko alamar cewa an karanta sawun ba daidai ba.

Hasali ma ba a daidaita a kan ko wace irin duniya ce K2-18b ba. Babu irinta a iyalin Rana: ta fi duniyar ɗan Adam girma, ba ta kai Neptune ba. Madhusudhan yana ganin teku ce ta rufe ta gaba ɗaya, a ƙarƙashin bargon iskar haidirojin, kuma shi ne ya fito da wannan rukuni na duniyoyi a 2021. Nicholas Wogan na NASA da abokansa suna ganin ƙaramar Neptune ce, iska a kan iska, babu ƙasar takawa, babu tekun da za a rayu a ciki. Oliver Shorttle, wanda shi ma a Cambridge yake, ya nuna cewa bayanan za su iya dacewa da tekun narkakken dutse. Tazarar da ke tsakanin tekun ruwa da tekun wuta ba ƙarama ba ce, amma har yanzu ɗigogin haske iri ɗaya kowane ɓangare yake karantawa.

Ba wannan ne karon farko ba, kuma tarihin abin ya isa ya sa a yi hattara. A ƙarshen ƙarni na 19 Percival Lowell ya zana magudanan ruwa a duniyar Mars, ya ce masu hankali ne suka haƙa su. Daga baya aka gane yaudarar ido ce. A 1976 ɗaya daga cikin gwaje-gwajen kumbunan Viking ya ba da sakamakon da ya yi kama da numfashin ƙwayoyin halitta a ƙasar Mars, mafi yawan masana suka danganta shi da sinadaran ƙasar. A watan Agustan 1996 Shugaba Bill Clinton ya fito ya yi jawabi a kan wani dutse daga Mars, ALH84001, wanda aka tsinta a Antatika, aka ce yana ɗauke da burbushin ƙananan halittu. Sannu a hankali aka nuna kowace alama da ke jikinsa tana iya samuwa ba tare da rai ba. A Satumbar 2020 Jane Greaves ta Jami'ar Cardiff ta sanar da ganin iskar fosfin a gajimaren Zara, wadda Turawa ke kira Venus, kuma har yau ana gardama ko iskar tana can ma. Babu maƙaryaci a cikin waɗannan mutane. Ƙwararru ne masu gaskiya waɗanda suka daɗe suna neman abu, sai suka ga inuwar da ta yi kama da shi.

Duk wanda ya san yadda ake tsayar da watan azumi ya san wannan matsala. Mutumin kirki, mai lafiyar ido, yana iya ganin gutsuren gajimare a yamma ya ɗauka jinjirin wata ne, kuma ya rantse da zuciya ɗaya. Shi ya sa akwai kwamiti, akwai tambayoyi game da lokaci da wuri da inda ƙahon watan ya fuskanta, akwai jiran rahoto daga wasu garuruwa kafin Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Tantancewar ba zargin mai shaida ba ce. Sanarwar ce take da nauyi, domin miliyoyin mutane za su yi aiki da ita.

Masu kare tawagar Cambridge suna da hujja, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa haka kimiyya take tafiya: wani ya fito da abin da ya gani, wasu su yi masa caa, gaskiya ta fito. Suna cewa Madhusudhan bai ce ya ga rai ba, ya nanata cewa sigma uku bai kai sigma biyar da ake buƙata ba, ya kuma nemi ƙarin sa'o'i 16 zuwa 24 na kallo. Duk wannan gaskiya ne. An kuma saki bayanan James Webb ga kowa, shi ya sa gyaran ya zo cikin makonni maimakon shekaru. Idan a cikin mujallar masana abin ya tsaya, da babu abin cewa. Sai dai bai tsaya can ba. An shirya taron manema labarai, an zaɓi kalmomin da aka san za su zama kanun labari, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai ya san cewa gargaɗin da aka ajiye a sakin layi na takwas ba ya tsallake teburin edita, balle ya tsira daga fassara zuwa harshe na biyu da na uku. Jami'o'i suna gasar suna da kuɗin bincike, jaridu suna gasar masu latsawa, kuma a wannan rana buƙatun biyu suka haɗu. 'Yan jarida suna da kasonsu na laifi, babba ma. Tambaya ɗaya ga masanin da ba ya cikin tawagar ta isa ta sauya kanun labarin, kuma waɗanda suka yi ta sun rubuta labari dabam.

Abin da ake asara shi ne amana. Mai sauraron da aka gaya wa an ga rai a Mars, sannan a Zara, sannan a K2-18b, ba tare da ya taɓa jin inda maganar ta kwana ba, zai kai ga ɗaya daga cikin biyu: ko ya gaskata cewa an daɗe da gano halittu ana ɓoyewa, ko ya yanke cewa masana suna faɗin abin da suka ga dama ne. Dukansu biyu guba ne, kuma ba a kan taurari gubar take tsayawa ba, domin mutumin nan ne za a zo gobe a yi masa bayanin allurar rigakafi ko sauyin yanayi. NASA ta hango wannan haɗari. A 2021 babban masaninta na lokacin, Jim Green, tare da abokan aikinsa suka ba da shawarar ma'auni mai hawa bakwai na bayyana irin waɗannan sakamako, daga hawa na farko, wato an ga wata alama, zuwa na bakwai, inda bincike masu zaman kansu suka tabbatar bayan an kawar da duk wani bayani da ba na rai ba. A kan wannan tsani, K2-18b tana fama ne da hawan farko.

To yaya hujja ta gaskiya za ta kasance? An taɓa yin gwajin. A Disambar 1990 kumbon Galileo, a kan hanyarsa ta zuwa Jupiter, ya gifta ta kusa da duniyar ɗan Adam, sai Carl Sagan ya sa aka juya na'urorinsa suka dube ta kamar baƙuwa. Sakamakon da aka buga a 1993 bai dogara da iska guda ba. An ga oksijin mai yawa, an ga mithen tare da shi, alhali waɗannan biyun suna cinye juna, don haka zamansu tare yana nufin akwai abin da ke sabunta su kullum. An ga wani launi a kan ƙasa mai haɗiye jan haske, wato ganyen tsirrai. An kuma ji saƙonnin rediyo. Shaidu ne da yawa, kowanne yana tallafar ɗan'uwansa, a kan duniyar da aka san girmanta da zafinta da ruwanta. Kumbon kuma ya matso har kusan kilomita 1,000. K2-18b kuwa, da za a tura mata Voyager 1, kumbon da ya fi kowane abin da ɗan Adam ya ƙera nisa, mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa, sai ya shafe sama da shekara miliyan 2 a hanya.

Akwai wani gefen da ba a cika faɗa ba, wanda ke hana a yi gaggawar yanke ƙauna kamar yadda yake hana gaggawar murna. Wannan duniya tana da shekara kusan biliyan 4.5, rai kuma ya bayyana a cikinta aƙalla shekara biliyan 3.5 da suka wuce. Amma oksijin bai taru a iskarta ba sai wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce. Ke nan mai hange daga nesa da ya dube ta a tsawon shekara biliyan guda yana neman oksijin, da ya rubuta cewa kango ce, alhali tekunanta cike suke da ƙwayoyin halitta. Misali ɗaya tak na duniya mai rai ɗan Adam ya sani, kuma ko shi ya sauya kama sau da yawa.

Aikin da ya fi amfani a yanzu ba shi da daɗin kanun labari. Kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin wannan gungu jajaye ne ƙanana, irin na K2-18b, kuma suna da zafin rai: suna yawan amayar da wuta mai iya kwashe iskar duniyoyin da ke kusa da su. Tambayar ko duniya mai duwatsu za ta iya riƙe iskarta a gefen irin wannan tauraro ita ce za ta yanke ko wuraren da rai zai iya zama suna da yawa ƙwarai ko kaɗan ne. Wurin gwajin shi ne TRAPPIST-1, mai nisan tafiyar haske ta shekara 40, inda Michaël Gillon na Jami'ar Liège ta Beljiyam da tawagarsa suka sanar da duniyoyi bakwai masu girman wannan duniya a 2017. A 2023 James Webb ta auna zafin wadda ta fi kusa da tauraron, ta sami kusan digiri 230, abin da ya fi dacewa da dutse tsirara. Ta biyun ma ba ta nuna iska mai kauri ba. Ta huɗun, TRAPPIST-1e, wadda aka fi sa wa rai domin tana inda ruwa zai iya zama ruwa, sakamakon farko da aka fitar a 2025 bai raba gardama ba, saboda tabon da ke jikin tauraron yana gurɓata hasken da ake aunawa.

James Webb ba a ƙera ta domin ganin duniya irin wannan a gefen tauraro irin Rana ba. Giftawar irin wannan duniya ba ta rage haske da ko kashi 0.01 cikin ɗari. Na'urar da za ta iya, wadda za ta toshe hasken tauraro ta ɗauki hoton duniyar kai tsaye, tana kan takarda tukuna. Sunanta Habitable Worlds Observatory, burinta ta binciki duniyoyi kusan 25, kuma ba a sa ran harba ta kafin shekarun 2040. A ƙasa kuma Turai na gina na'ura mai madubin mita 39 a kan dutsen Cerro Armazones na Chile, wadda ake sa ran za ta fara aiki wajen 2030. Duk waɗannan kuɗin masu biyan haraji ne, kuma sai 'yan majalisa sun yarda shekara bayan shekara har tsawon shekara ashirin. James Webb kaɗai ta ci kusan dala biliyan 10. A watan Mayun 2025, makonni kaɗan bayan shelar K2-18b, fadar shugaban Amurka ta gabatar da kasafin da ya nemi a zaftare kusan rabin kuɗin sashen kimiyya na NASA.